Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan ambaliyar Zariya: a ba ruwa hanya da masauki tun da rani

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Mai Martaba Sarkin Zazzau da 'yan majalisarsa,
Shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda sana'o'inmu daban-daban ne, ruwa ne ya tara mu: akwai injiniyoyin ruwa da na hanya, masu awon ƙasa, malaman gona, duba-gari da magina. Magana ɗaya muka zo da ita. Aikin hana ambaliya a Zariya aikin rani ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma da awo ake yin sa. Abin da aka saba yi a Agusta da Satumba, wato kai wa mutane shinkafa da tabarmi da bandir ɗin kwano bayan ruwa ya gama ɓarna, jaje ne. Jaje yana da lada, amma baɗi ruwan zai dawo ta hanyar da ya bi bana, ya tarar da kwatar nan dai da ta kasa ɗaukarsa.

In ana taron sauyin yanayi a ƙasashen waje, hauhawar teku ce a bakin kowa, shi ya sa mutumin Zariya kan ɗauka zancen na mutanen Legas ne. Yana da hujja. Garin nan ya fi mita 600 sama da doron teku, ba ranar da ruwan gishiri zai taɓa Ƙofar Doka. Can gaɓa kuwa abin ya riga ya kankama. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya nuna teku ya ɗaga da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma hawan na ƙara sauri: milimita 1.3 a shekara kafin 1971, ya koma 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Ruwa in ya ɗau zafi kumbura yake yi, ga kuma ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan manyan duwatsu tana narkewa tana kwarara ciki. Najeriya na da gaɓar teku ta kusan kilomita 850. A Ayetoro ta jihar Ondo teku ya cinye gidaje birjik, a Legas sai da aka jibge katangar duwatsu a bakin Bar Beach.

Mu namu rabon ta sama yake zuwa. Daminarmu daga tekun nan take tasowa, iskar kudu maso yamma ce ke kwaso laima daga Tekun Gini ta kawo mana. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska kan riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100, duniya kuma ta riga ta ɗara zafin da take da shi kafin zamanin masana'antu da fiye da digiri ɗaya. Sai hadari ya taso da kaya mai nauyi, ya sauke shi cikin ƙanƙanin lokaci, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. An gani a 2012, da ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, da 2022 da ta kashe sama da 600, ta kuma datse hanyar Lokoja har tankokin mai suka kasa hayowa Arewa. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta malale babban sashen Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ruwan dare ɗaya ya ci rayuka sama da 150 a Mokwa. Nan gida ma, mutanen Chikaji da Tudun Wada da Magume ba sai an ba su labari ba.

Ga lissafin, don kowa ya bi shi da alƙalami. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawa a Agusta. Injiniya bai cika damuwa da wannan jimillar ba, abin da yake nema shi ne nawa ke zuba cikin awa guda. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a daren Agusta, zai zubo da lita 5,000, duro 25 ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 zai karɓi sama da lita 23,000. A da tsakar gida ƙasa ce, bayan gida garka, gaba fili, ƙasa kan shanye kamar kashi bakwai cikin goma. Yau ɗakuna sun cinye fulotin, abin da ya rage an zuba masa kankare ko intalok, kashi takwas cikin goma ta rariya yake fita zuwa layi.

A ɗauki unguwa mai hekta 10, a yi mata ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa. Lokacin da take da sarari, lita 500 take turo wa kwata a kowane sakan. Da ta cika da gini, sama da lita 1,300. Kwatar kankare irin wadda aka fi yi a gefen titi, faɗi santimita 60 zurfi 60, in tana da gangara mai kyau kuma a share take tas, lita 450 ko ɗan sama take ɗauka a sakan. In yashi da leda sun cike ta zuwa rabi, ba ta kai 200. Ragowar lita dubu da wani abu na kowane sakan ba ɓacewa suke yi ba, zauren wani suke shiga. Don haka in aka ce wa talakawa zubar da shara a kwata ne kaɗai ya jawo musu, rabin gaskiya aka faɗa. Ko kullum ake share kwatar, ta yi wa unguwar kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ana maƙala kwata a jikin kwangilar titi. Ta fara inda titi ya fara, ta ƙare inda kuɗi suka ƙare, ta juye ruwan unguwar tudu a kan unguwar gangare. Magudana daga ƙasa ake fara ta, daga inda za ta zuba a rafi, a hauro sama tana raguwa a girma. Ta kusa da rafi dole ta fi ta kan tudu faɗi, tunda ruwan layuka da yawa take tarawa. In aka ga girma ɗaya tun daga sama har ƙasa, ba a yi lissafi ba. Sai gangara. Ƙaramar kwata na son saukar mita ɗaya a kowace mita 200, don ruwa ya yi gudun da zai tafi da yashinsa. In gudun ya gaza kamar santimita 60 a sakan, yashi zai kwanta. Da na'urar awo ake fitar da wannan. Duk inda aka ga baƙin ruwa kwance a kwata a tsakiyar Fabrairu, da ido da igiya aka daidaita gindinta.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu kashe babban aiki. Mai gida ya yi wa motarsa mashiga, ya binne ɗan bututu a cikin kwata, ya shaƙe layi guda. Bututun famfo ya ratsa tsakiyar magudana, leda da tsumma su taru a jikinsa. Mai shago ya zuba dogon kankare a kai ba marfi, shebur ba zai sake ganin ƙarƙashinsa ba. Kwalbatin da bai kai santimita 90 ba a ƙarƙashin titi, reshe ɗaya da tsohuwar katifa sun isa su toshe shi, ga shi mutum ba ya iya shiga ya share. Gefen kwata na bulo, in ba a cika ramukan bulon da kankare ba, ba a kuma bar ƙananan huda don ruwan bayan bango ya tsiyaye ba, damina biyu zai kwanto ciki. Shi kansa bulon, buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce 30 zuwa 35 na inci tara ba. Kankare kuma kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa kwana bakwai. Kowane birkila ya san wannan. Mai dubawa ake rasawa.

Sannan titi. Duk sabon aiki sai an zuba jar ƙasa an ɗaga shi, har gidajen da a da ake hawa a shiga, yanzu gangarawa ake yi. A tsohuwar unguwa irin cikin birni da Tudun Wada da tsohon Sabon Gari, tono ake yi a kwashe tsohuwar ƙasa kafin a zuba sabuwa, don kwalta ta zauna ƙasa da dokin ƙofar mutane.

Kafin a sake ba da kwangilar kwata ko ɗaya, muna roƙon a yi taswirar ruwa ta garin baki ɗaya: ina yake tasowa, wace hanya yake bi, ina yake zuba a Kubanni ko Kamacha ko Saye ko Galma. Zariya ba ta da uzuri a nan. Jami'ar Ahmadu Bello na da sassan injiniyan ruwa, awon ƙasa da tsara birane, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, IAR, tana auna ruwan sama tun shekarun 1920, ga tashar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, a filin jirgi. A tattaro alƙaluman nan a fitar da jadawalin ƙarfin ruwan Zariya, na minti 15, na 30, na awa guda, a ɗora masa ƙarin kashi 20 cikin 100 saboda abin da ke tafe, a wajabta wa kowane ɗan kwangila aiki da shi. Kuma taswirar ta zama ɗaya. Kubanni daga wajen Samaru ta gangaro, ta ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. In kowace ƙaramar hukuma ta yi nata ita kaɗai, ruwa kawai za su riƙa miƙa wa juna.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, kududdufai. Allah ya ja zamanin Sarki, wannan sashe a hannun masarauta yake fiye da kowa. Kakanninmu sun haƙi ƙasar tubali a cikin unguwa suka gina gidaje, ramin da ya rage ya zama masaukin ruwan unguwar. Kowace rariya akwai kududdufin da take nufa. Ruwa ya kwana a nan, ya tsiyaye a hankali ya ciyar da rijiyoyin kewaye, rara ta wuce ta mafita. Kududdufi mai mita 50 a 50, in yana da sararin mita biyu sama da ruwan da ke kwance cikinsa, zai riƙe lita miliyan biyar. Wannan daidai yake da duk ruwan milimita 50 da zai sauka a kan unguwar nan mai hekta 10. Babu kwatar da za a gina a lungunan birni, inda amalanke ma da ƙyar take wucewa, da za ta yi wannan aiki.

Yadda ake kashe shi kowa ya sani. A fara da zubar da shara a gefe. Cikin 'yan shekaru bola ta yi tudu, wani ya kafa turaku, a kawo tifar jar ƙasa a baza, a yanka fuloti a sayar, takarda ta fito da sa hannun shaidu. Wanda ya saya ya cutu sau biyu: gininsa a kan shara yake, tana ruɓewa tana lotsawa bango na tsagewa, ruwan unguwa kuma bai daina zuwa inda ya saba ba. Maƙwabtansa ma sun cutu, su da ba su sayi komai ba.

Mun san ƙorafin da ake yi a kan kududdufi, kuma gaskiya ne: sauro, wari, tsargiya, da yaran da ke nutsewa. Duk suna da magani ba sai an cike ba. A yashe shi a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwansa ya ja baya. A kwantar da gaɓarsa, mita uku a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi, don wanda ya zame ya iya fitowa, a kewaye shi da waya ko gajeriyar katanga. A bakin mashiga a yi ƙaramin ramin tare yashi da ragar rodi mai tare leda, irin waɗanda mutum biyu da baro za su share bayan kowane babban ruwa. A yi masa mafita a tsayin da bai kai dokin ƙofar gidan da ya fi kowane gangare ba. In aka kuskure wannan awon, sauran aikin ya tashi a banza. A hana juya masa bututun masai, a zuba tarwada da karfasa su rage tsutsar sauro, a dasa jema a gefe ta riƙe ƙasa. Amma kafin duk wannan, a ƙirga waɗanda suka rage. Kowane mai unguwa ya kawo na unguwarsa, safiyo ya kafa duwatsun iyaka, KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ta shigar da su a matsayin filin al'umma da ba a ba da takarda a kansa, fada kuma ta sanar cewa duk dagaci ko mai unguwar da ya sa hannu a cinikin kududdufi, a bakin rawaninsa. Wannan ba ya cin wani kuɗin kirki, rani ɗaya ya ishe shi.

Sababbin unguwanni na wajen Dakace, Ɗanmagaji, Hanwa da Basawa ba su gaji kududdufi ba, sai a yi musu. Duk shimfiɗar filaye da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, za ta amince da ita, a ware mata wurin kwanan ruwa a gangarenta tun a takarda, yadda ake ware na masallaci da makaranta. Tun ran gini ran zane. Mai gida kuma a sa masa sharaɗin barin wani sashe na tsakar gida ba kankare, ko ya haƙa ramin tsotse ruwa a cika shi da duwatsu, nesa da harsashin gini da mita uku zuwa biyar, ko ya ajiye tanki a ƙarƙashin indararo. Rufin nan mai murabba'in mita 100 lita 100,000 yake zubarwa a shekara, a garin da ake sayen jarka a hannun 'yan garuwa. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, sannan a tara.

Bakin rafi magana ce mai zafi, gara mu faɗe ta a fili. Mafi yawan wanda ya gina a gaɓar Kubanni ba ganganci ya kai shi ba, nan ne kuɗinsa suka iya saye. A fara da tsayar da sabon gini. A bi rafin tare da tsofaffin unguwa su nuna inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi cika, a kafa ginshiƙai masu jan fenti, daga nan zuwa ruwa sai lambu da bishiya. Waɗanda ke ciki tun tuni, in za a tashe su, a ba su fili da diyya tukuna. Rusau ba madadi wani bakin rafin yake kai mutum. A kuma hana masu tifa ɗiban yashi kusa da gada, don ramin da suka bari yana ci gaba da ci har ya tone gindin ginshiƙi.

Madatsun da ke kewaye da mu, ta Kubanni a Samaru da waɗanda ke kan Galma, a riƙa duba su kafin damina da bayanta. Abin dubawa sananne ne: bishiyar da ta tsiro a jikin bango, suri, tsagewa a sama, mafitar rara da ciyawa ta toshe, da tsiyaya ta baya. Tsiyaya mai garau sa mata ido ake yi. Mai laka kuwa ƙasar bangon take fitarwa, ba a kwana da ita. A kuma auna lakar da ta taru a ciki, don madatsar da laka ta cinye ba ta riƙe ruwan sha da rani, ba ta tare ambaliya da damina.

A cikin birni, faɗuwar bango ta fi ba mu tsoro a kan zurfin ruwa, musamman da dare a lokacin marka, in an yi kwana biyu ko uku ana zuba ba rana. Ginin ƙasa ba shi da laifi. Ya fi bulo sanyi da bazara, kuma a garin Babban Gwani, shahararren maginin nan na da, ba sai an koya wa kowa daɗewarsa ba. Ta gindi yake lalacewa. Ruwa ya kwanta a ƙasan katanga, ko indararo ya yi gajere ya riƙa zuba a jikinta, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta. Filastar siminti a kan tubali ɓoye cutar take yi: siminti da ƙasa ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, waje na sheƙi ciki ya zama kunu. In aka ƙwanƙwasa bango aka ji holoƙo, sun riga sun rabu.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A bi gindin katanga da dakali na dutse ko bulo, tsayin santimita 45 zuwa 60, samansa ya karkata waje. Indararo ya fito aƙalla santimita 60, inda yake zuba a shimfiɗa dutse. A sabunta yaɓen soro da makuba kafin ruwan farko, a duba kan azara inda ya shiga bango saboda gara. Shawararmu ita ce duba-gari da sarakunan magina su zagaya gida-gida a Fabrairu da Maris, su rubuta bangayen da ba za su kai kaka ba, a taimaka wa marasa ƙarfi da siminti da dutse a lokacin. Buhu uku a Maris ya fi bandir ɗin kwano a Satumba amfani, ya kuma fi shi araha.

In ruwa ya janye sai amai da gudawa. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu. Hanyarta a bayyane take: masai ya cika ya tumbatsa, rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa ta sha. Tsakanin masai da rijiya mita 30 ake so, masai ta gangare. A gidajen birni da wuya a samu haka, shi ya sa ginin bakin rijiya ya zama dole: a ɗaga shi kamar santimita 80, a kewaye shi da daɓen siminti mai gangara waje, a sa marfi, guga ɗaya a riƙa rataye ta. Rijiyar da ambaliya ta shiga a kwashe ruwanta a sa kilorin kafin a koma sha. Kilorin ɗin da ruwan gishiri da sukari su isa ƙananan asibitocin unguwa tun Yuni.

Manoman kewaye nasu ciwon ruwan yaudara ne: a yi guda ɗaya mai ƙarfi a farkon Mayu, a shuka, a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, iri ya ƙone. NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da na ɗaukewarsa, NAERLS kuma, wadda aikinta isar da saƙo ga manomi, a Samaru take. Abin da ya rage shi ne hasashen ya isa da Hausa, ta rediyo da bakin malamin gona, kafin a fito da iri. Kada a shuka sai an sami milimita 20 zuwa 25 cikin kwana biyu ko uku, laima ta sauka taƙi guda. IAR na da irin masara na SAMMAZ masu nuna cikin kwana 80 zuwa 95. Kunya ta gitta gangara, a datse kwarinta duk mita biyu zuwa uku a farkon damina, a buɗe datsin in marka ta shigo. Taki a binne shi, a raba shi kashi biyu. Yuriyar da aka watsa a sama, ruwan dare ɗaya ke kai ta Galma.

Dashen bishiya kuwa, a daina ƙirga wadda aka dasa ranar biki, a ƙirga wadda ta ga damina ta uku. Rami santimita 60 kowane gefe, a dasa a ƙarshen Yuni ko Yuli, a sa keji saboda awaki, jarka ɗaya sau biyu a mako a rani biyu na farko, a biya mai kula bisa adadin da ya rayu. Maɗaci, tsamiya, ɗorawa, mangwaro, da rimi wanda da shi aka san Zariya, amma nesa da kwata da katanga.

Gargaɗi ma yana da arha. A shafa fenti kore, rawaya da ja a ginshiƙan gadojin Kubanni da Galma, a naɗa wanda zai buga waya daga sama in ruwa ya kai rawaya, lasifikar masallaci ta ƙarasa saƙon, kowace unguwa kuma ta san makarantar tudun da za ta fake. 'Yan acaba da masu keke su ji cewa ruwa mai gudu da ya ɗan haura idon sawu, santimita 15, yana kayar da babban mutum, 30 kuma na ɗaga ƙaramar mota.

Za a ce ina kuɗi. Akwai asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya, jiha da ƙananan hukumomi suna da kasonsu. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai Dokar Sauyin Yanayi ta 2021. Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin katangar bishiyoyi ta yaƙi da hamada, don haka kada a zauna jiran wancan. Roƙonmu a nan shi ne a liƙa jerin ayyukan a ƙofar sakatariya da gidan hakimi: wace magudana, tsawonta, girmanta, wa aka ba, nawa aka ba shi, don 'yan unguwa su fito da tef su auna.

Saura yashe kwata, wanda ko ba a yi komai ba bana, shi dai a yi. A gama shi kafin ƙarshen Afrilu, a maimaita a Yuli kafin marka, daga gangare a hauro tudu. Abin da aka fitar a bar shi yini ɗaya ya tsane, washegari a kwashe. Tulin da aka bari a bakin kwata ruwan farko ke mai da shi ciki, an biya kuɗi sau biyu ke nan a kan yashi ɗaya. A biya ɗan kwangila bisa yawan tifar da ta isa juji, ba bisa tsawon kwatar da ya ce ya share ba. Kuma kafin a fara cin tarar masu zubar da shara, a nuna wa kowace unguwa wurin da za ta tara ta, da ranar da mota za ta zo ɗauka. A shirye muke mu zauna da injiniyoyin jiha da na ƙananan hukumomin biyu a bi waɗannan alƙaluma layi-layi.

Wassalam. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ranku ya daɗe.

Daga wasu injiniyoyi, masu awon ƙasa, malaman gona, duba-gari da magina mazauna Zariya da Sabon Gari.